Kwana uku kwamfutata ta ƙi tashi, kuma ban yi mata fomatin ba

Da safe na danna makunnin laftof ɗina kamar kullum. Tambarin kamfani ya fito ya ɓace, sai allon ya yi baƙi ƙirin, ga wasu 'yan layuka farare can sama ta hagu. Na farko ya ce error: no such partition, na biyu Entering rescue mode, na ƙarshe kuma grub rescue> da ɗan layi yana ƙyaftawa a gabansa, yana jiran in rubuta abin da ban sani ba. Na kashe na kunna ya fi sau biyar. Na cire batir, na jona caja, na sake kunnawa, duk kanwar ja ce. A nan gabana ya faɗi, domin a cikin wannan kwamfutar akwai aikin rubutu na wata huɗu da zan miƙa a ƙarshen makon, akwai kuma hotunan mahaifinmu na shekarunsa na ƙarshe, waɗanda ba su da kwafi a ko'ina. Kwana uku na yi kafin na sake ganin fuskar Windows, alhali da na san abin da na sani yanzu, gyaran kansa ba zai wuce minti goma ba da zarar an haɗa filashin gyara. Shi ya sa nake son in bayyana yadda aka yi tiryan-tiryan, har da wuraren da na ƙara dagula lamarin da hannuna, ko wani ya tsira daga wahalar da na sha.

Ruwa ba ya tsami banza. Shekara biyu kafin nan na sa Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows, kusa da Windows 10 a kan faifai ɗaya mai gigabayit 500, don in koya. Duk lokacin da na kunna sai wani jeri ya fito in zaɓi wadda nake so. Da koyon ya tsaya, fili kuma ya fara yi mini kaɗan, sai a daren da ya gabata na buɗe Disk Management, manhajar Windows mai raba faifai yanki-yanki, na share yankin da Linux take, na haɗe filinsa da yankin Windows. Komai ya tafi lafiya lau. Na ga fili ya ƙaru, na ci gaba da aiki har wajen sha ɗaya, na kashe na kwanta. Abin da bai zo mini a rai ba shi ne, wancan jerin zaɓin ba na Windows ba ne. Na wata ƙaramar manhaja ce mai suna GRUB, wadda Linux ta zo da ita. Kanta yana zaune a farkon faifai, sauran jikinta kuwa yana cikin yankin da na share. Da gari ya waye kan ya farka, ya nemi jiki ya rasa, shi ne ya tsaya yana faɗa mini babu wannan yankin.

A lokacin ban haɗa abin da na yi jiya da abin da nake gani ba. Na ɗauki waya na shiga bincike, duk umarnin da na ci karo da shi sai in rubuta. Wanda ya amsa mini shi ne ls kaɗai, ya jero mini (hd0) (hd0,msdos2) (hd0,msdos1). Sauran umarnin da ake cewa a nuna wa GRUB inda fayilolinta suke duk sun ƙi, kuma dole su ƙi, tunda fayilolin ba sa nan. Rabin yini na ɓata a kan wannan. Abu ɗaya mai amfani da na yi a ranar shi ne shiga BIOS, manhajar da ke jikin kwamfutar kanta, wadda take fara aiki kafin Windows ta taso. A tawa kwamfutar F2 ake dannawa da zarar an kunna, a wasu F10 ne ko Del ko Esc. Na duba shafin farko, sai ga sunan faifan da girmansa a rubuce. Na kuma kanga kunnena a jikin laftof ɗin, na ji yana juyawa sumul, babu ƙas-ƙas ɗin da faifai mai mutuwa yake yi. Ban san muhimmancin waɗannan alamu biyu ba sai da dare.

Da yamma na kai ta wurin mai gyara. Na zauna kusan awa ɗaya da rabi kafin layi ya zo kaina. Ya kunna, ya kalli allon, ya jona filashinsa, ya buɗe wata manhaja mai nuna yankunan faifai kamar sanduna masu launi. Na ga ya danna a kan sanda mafi tsawo, ya zaɓi wani abu, ya sake kunnawa. Baƙin allon nan ya dawo yadda yake. Ya girgiza kai ya ce, “Malam, Windows ɗinka ta ƙone. Sai dai fomatin, in sa maka sabuwa, kafin awa biyu ka tafi da abarka.” Na ce, “Injiniya, kayan da ke ciki fa?” Ya ce in ina son su sai in bar masa ita kwana biyu, ya ciro faifan ya jona a wata kwamfutar, abin da ya samu ya kwashe mini. Wannan hanya ce ta gaskiya, ba yaudara ba ce, kuma ban ga mugunta a tare da shi ba. Mutum ne da aiki ya yi wa yawa, fomatin kuwa shi ne hanyar da ba ta cin lokacinsa. Amma akwai takardun wasu mutane a cikin aikina da ba zan iya barin su a hannun kowa ba, sannan zuciyata ta kasa yarda cewa abin da yake aiki jiya da sha ɗaya ya ƙone yau da bakwai. Na ba shi haƙuri, na biya shi ladan dubawa, na rungumo abata na dawo gida jiki a sanyaye.

Da dare na kira ƙanwata, wadda ta karanci kimiyyar kwamfuta, tana wani gari mai nisa. Ban gama bayani ba ta katse ni: “Yaya, kada ka bari kowa ya yi mata fomatin. BIOS yana ganin faifan?” Na ce yana gani. Ta ce, “To me ka taɓa jiya?” Da na faɗa mata, sai na ji ta yi ajiyar zuciya, ta ce kayana suna nan daram, hanyar zuwa wurinsu ce kawai ta yanke. Sannan ta warware mini abin da ya kamata in sani tun kafin in taɓa komai, kuma bayanin nan shi ne ya fi kowane umarni amfani a gare ni. Kwamfuta mai tsohon tsari ba ta san Windows ba lokacin da aka kunna ta. BIOS yana karanta sashen farko na faifai ne kawai, mai bayit 512, wanda ake kira MBR, tsarin da ake amfani da shi tun 1983. Bayit 446 na farko wurin ɗan umarnin tashi ne, 64 na gaba teburi ne mai layi huɗu da ke faɗin inda kowane yanki ya fara da inda ya ƙare, biyun ƙarshe kuma hatimi ne, 55 da AA, da ke shaida wa BIOS cewa ana iya tashi daga wannan faifan. Idan umarnin tashin na Windows ne, sai ya duba teburin ya nemi yankin da aka yi wa alamar active, ya miƙa aiki ga sashen tashin wannan yankin. Shi kuma ya kira fayil mai suna bootmgr, bootmgr ya karanta wani kundi mai suna BCD da ke faɗa masa inda Windows take, sannan a ƙarshe Windows ta taso. Sarƙa ce mai zobba biyar ko shida, kowane zobe yana da irin kukan da yake yi idan ya tsinke. Ta ce kalmar msdos da na gani a amsar ls ma ta riga ta faɗa mini faifaina MBR ne, ba sabon tsarin GPT ba. Kafin ta ajiye waya ta ce, “Yaya, ka yi mini alkawari ɗaya. Kafin ka rubuta umarnin gyara ko ɗaya, ka fara kwashe kayanka.”

Washegari na ari kwamfutar wani abokina da faifansa na waje, na samo filashi mai gigabayit 8, wanda shi ne mafi ƙanƙantar da ake buƙata. Na sauke Media Creation Tool, manhajar haɗa filashin Windows, daga shafin Microsoft, na zaɓi haɗa filashi don wata kwamfutar, na tabbatar na ɗauki mai bit 64 irin wadda ke kan tawa. Manhajar tana goge duk abin da ke kan filashin, don haka sai da na fara kwashe 'yan fayilolin da ke kansa. Abin da za a sauke ya haura gigabayit 4, intanet ɗin kuma yana jan ƙafa. Ya kai kashi sittin da wani abu ya yanke, na sake daga farko. Safiyar gaba ɗaya a nan ta tafi, ina zaune ina kallon lamba tana hawa ɗaya bayan ɗaya, ina lissafin kwanakin da suka rage mini kafin ranar miƙa aiki.

Da filashin ya haɗu na jona shi a laftof ɗina, na danna F12 don jerin wuraren tashi. Sunan filashin ya fito sau biyu, ɗaya da kalmar UEFI a gabansa, wato sabon tsarin tayar da kwamfuta da ya maye gurbin BIOS, ɗaya babu. Na ɗauka duk ɗaya ne, na zaɓi na sama, mai UEFI. Ku riƙe wannan, domin shi ne ya cinye mini yini guda. Shuɗin allon zaɓen harshe ya fito, na wuce, sai ga babban maɓalli a tsakiya, Install now. Ba shi ake dannawa ba. Can ƙasa ta hagu akwai ƙaramin rubutu, Repair your computer, daga nan Troubleshoot, sai Command Prompt, baƙar tagar rubuta umarni. Na cika alkawarin da na yi. Na rubuta notepad, na shiga File, na danna Open, na mayar da nau'in fayil zuwa All Files, sai ga ɗan akwatin nan ya zama mini taga ina leƙa cikin faifaina. Na danna C: na ga kusan babu komai, zuciyata ta buga da ƙarfi. Na danna D: sai ga folda Users, ga sunana, ga Documents, ga Pictures. Na buɗe ta hotunan na ga sunayen fayilolin a jere, ko ɗaya bai ɓata ba. Na daɗe ina kallon jerin nan kafin na iya motsa hannuna. A cikin filashin gyara haruffan yankuna ba sa zama yadda aka saba. X: shi ne wurin wucin gadi da filashin yake aiki a kai, C: a wurina ƙaramin yanki ne mai megabayit 500 mai suna System Reserved, Windows ɗita kuma ta koma D:. Kwashe kaya da yawa ta cikin notepad yana da wuya, domin ba ya nuna inda aiki ya kai, sai mutum ya zaci ya sandare. Don haka na koma ga robocopy, umarnin kwafar fayiloli: na rubuta sunan umarnin, sai adireshin foldata a D:, sai adireshin inda za a zuba a faifan waje, sai /E don ya haɗa da foldojin ciki. Awa uku da wani abu ya ɗauka. Na cire faifan wajen, na jona a kwamfutar abokina, na buɗe fayiloli goma daga wurare dabam-dabam don in tabbatar suna buɗuwa. Daga wannan lokacin tsoron ya ragu, abin da ya saura gajiya ce da son a gama.

Sai gyara. Na fara gwada Startup Repair, zaɓin da ke gyara matsalar tashi da kansa, ya yi ta juyi kusan minti goma sha biyar ya ce bai iya ba. Na koma baƙar taga na rubuta bootrec /fixmbr, kafin ƙiftawar ido ya ce The operation completed successfully. Da a nan na tsaya na sake kunnawa na ga abin da zai faru, da na rage wa kaina aiki. Amma duk inda na karanta umarni huɗu ake jerowa tare, sai na ɗauka dole a yi su duka. Na rubuta bootrec /fixboot, ya ce Access is denied. Na rubuta bootrec /scanos, ya ga Windows ɗaya a D:. Na rubuta bootrec /rebuildbcd, ya tambaye ni ko a ƙara ta, na ce Y, ya ce The requested system device cannot be found. Maimakon in tsaya in tambayi dalili, sai na bi wata shawara da na gani, cewa a cire wa tsohon kundin BCD kariya da umarnin attrib, a sauya masa suna zuwa bcd.old, a sake gina sabo. Sauya sunan ya yi, gina sabon ya ƙi, da wannan amsar dai. Garin gyaran gira ina neman rasa ido: kundin da yake lafiyarsa lau na kawar da shi gefe, ban kuma samu madadinsa ba. Na cire filashi na kunna. GRUB ta tafi, amma ga sabon saƙo, BOOTMGR is missing, da umarnin in danna Ctrl da Alt da Del. Ƙarfe ɗaya na dare ya wuce. Na rufe laftof ɗin na kwanta, ina ta tunanin ko dai mai gyaran nan ne ya fi ni gaskiya.

Da sassafe na tura wa ƙanwata hotunan allon duka, na kuma faɗa mata abin da na yi ban rage komai ba. Ta kira ta ce, “Yaya, wannan ai ci gaba ne. Zoben farko ya gyaru, yanzu na biyu ne yake kuka.” Ta tambaye ni wane layi na zaɓa lokacin tashi daga filashi. Da na ce mai UEFI, ta ce shi ke nan an gano. Faifaina na tsohon tsari ne, ni kuwa na tayar da kayan gyaran a sabon tsari, don haka suna ta neman wani yanki na musamman da faifai irin nawa ba shi da shi, shi ne suke cewa ba su ga na'urar ba. Na sake tashi daga filashin, wannan karon ta layin da babu UEFI. Na rubuta diskpart, umarnin sarrafa faifai da yankunansa, sai list disk. A ƙarshen teburin akwai wani gurbi mai suna Gpt, idan akwai tauraro a ƙarƙashinsa faifan GPT ne, idan babu MBR ne. Nawa babu. Na rubuta select disk 0, sai list partition, ga yankuna biyu, ƙarami da babba. Na zaɓi na farko da select partition 1, na rubuta detail partition, sai na ga Active: No. Na duba na biyu, babban, ga Active: Yes. Nan take na tuna da sandar nan mafi tsawo da aka danna a wurin gyara. Alamar ce aka ɗauke daga ƙaramin yanki aka mayar kan babba. GRUB ba ta kula da wannan alamar, shi ya sa a ranar ba a ga wani sauyi ba. Umarnin tashi na Windows kuwa da ita yake aiki, don haka da na dawo da shi sai ya nufi babban yanki neman bootmgr, alhali gidansa yana System Reserved. Na sake zaɓar yanki na farko, na rubuta active, na fita da exit. Ƙanwata ta ja mini kunne sosai a kan diskpart, kuma ni ma ina ja wa mai karatu: ba ya tambayar ko ka tabbata. Akwai umarni a cikinsa mai suna clean da ke share teburin yankuna gaba ɗaya cikin daƙiƙa. A karanta lambar faifai da ta yanki sau biyu kafin a danna Enter, kuma a cire faifan da aka kwashe kaya a kai tun kafin a shiga.

Na kunna, sai ga shuɗin allo mai taken Recovery, da lamba 0xc000000f, da sunan fayil \Boot\BCD. Wannan karon ban firgita ba, domin na san mai laifin, ni ne na sauya wa kundin suna jiya da dare. Na koma filashi ta layin da ya dace, na rubuta dir C: da dir D: don in tabbatar da wane harafi ne na wa, tunda suna iya sauyawa daga wannan tashin zuwa wancan. Sannan na rubuta bcdboot D:\Windows /s C: /f BIOS. Ma'anarsa a ɗauko fayilolin tashi daga Windows da ke D:, a zuba su a yankin C:, bisa tsohon tsari. A kula da tazarar da ke gaban kowace sanda, da bambancin sanda mai karkata dama da mai karkata hagu, domin sau biyu na yi kuskure a nan ya watso mini dogon bayanin yadda ake amfani da umarnin. A na uku ya ce Boot files successfully created. Na cire filashi, na kunna, na naɗe hannuwa. Tambarin kamfani ya wuce. Allon ya yi baƙi na ɗan lokacin da ya yi mini kama da awa guda. Sai ga tambarin Windows, tagar nan mai gida huɗu, ga ɗigo-ɗigo suna zagaye a ƙarƙashinta. Na sa kalmar sirri, fuskar kwamfutar ta buɗe yadda na bar ta, har takardar da nake aiki a kai tana saman jerin waɗanda aka buɗe kwanan nan. Na kira ƙanwata na kasa cewa komai sai godiya ga Allah da sa mata albarka, ita kuma tana ta cewa, “Yaya, ka kashe ka kunna sau biyu tukuna mu gani.” Na yi, ta tashi duka biyun. Na kuma duba lafiyar faifan da CrystalDiskInfo, wadda ke karanta rahoton da faifai yake ajiyewa game da kansa, ta nuna lafiyarsa kalau.

Da na zauna daga baya na lissafa, ɓarna uku ce, kuma ɗaya kawai na tashi da ita ranar farko. Sauran biyun a garin gyara aka yi su, ɗaya a hannun wani, ɗaya a hannuna, kuma dalilinsu ɗaya: an taɓa abu kafin a duba. Shi ya sa yanzu nake ganin jerin umarni huɗun nan da ake kwafa ana yaɗawa ba tare da bayani ba yana da haɗari. Kowannensu zobe dabam yake gyarawa. Fixmbr yana sake rubuta umarnin tashi na farkon faifai, ba ya taɓa teburin yankuna. Fixboot yana rubuta sabon sashen tashi a kan yankin tsarin, kuma amsar Access is denied da yake bayarwa ba alama ce ta faifai ya lalace ba, mutane da yawa suna ganinta, galibi bcdboot ko bootsect suna biyan buƙatar. Rebuildbcd kuwa yana lissafa Windows ɗin da ba sa cikin kundin ne kawai, don haka idan ya ce ya ga 0, ba yana nufin Windows ta ɓace ba. Abin da ya dace shi ne a rubuta umarni ɗaya, a sake kunnawa, a karanta sabon saƙon, a ɗauki hotonsa. Sauyin saƙo shi ne yake nuna inda aka kai. Invalid partition table da Missing operating system daga umarnin MBR suke fitowa, BOOTMGR is missing yana nufin an wuce nan an isa yanki, shuɗin allo mai ambaton BCD kuma yana nufin an kusa.

Akwai kuma wuraren da duk wannan bayani nawa bai shafa ba, kuma ina so a san su. Idan BIOS ba ya ganin faifan kwata-kwata, ko yana gani yau gobe ba ya gani, ko ana jin ƙas-ƙas, to ba sashen tashi ba ne, faifan ne yake mutuwa. A nan kowace kunnawa tana rage masa kwana, kuma umarnin duba faifai na chkdsk /r da ake yawan ba da shawara yana tilasta masa karanta kowane lungu na sa'o'i, abin da zai iya ƙarasa shi. A kashe, a nemi wanda zai kwafe faifan gaba ɗaya tukuna. Idan kuma faifan yana nan amma yankin ya ɓace daga jeri, ko yana nuna RAW, wato Windows ta kasa gane tsarinsa, a maimakon NTFS, tsarin ajiyar fayiloli na Windows, kada a amsa tayin fomatin. Akwai manhaja kyauta mai suna TestDisk, ta Christophe Grenier, da ke nemo yankunan da suka ɓata, kuma NTFS yana ajiye kwafin sashen tashinsa a can ƙarshen yanki, wanda ake iya dawo da shi. Wanda faifansa ke kulle da BitLocker kuma, wato makullin sirri na Windows, sai ya nemo mabuɗinsa mai lamba 48 tun kafin ya fara, galibi yana cikin asusunsa na Microsoft, domin in babu shi ko notepad ba zai nuna masa komai ba. Mai niyyar cire Linux kamar yadda na yi, ya fara mayar da tashi hannun Windows, ya kunna ya ga ta taso kai tsaye ba jerin zaɓi, sannan ya share yankin.

Yawancin kwamfutocin yanzu ma ba irin tawa ba ne. Suna aiki da UEFI da faifan GPT, wanda ke ɗaukar yankuna har 128 a Windows, yana kuma ajiye kwafin teburinsa a ƙarshen faifai, ba shi da iyakar terabayit 2 da MBR yake da ita. A can babu maganar alamar active, kuma fixmbr ba ya tsinana komai. Fayilolin tashi suna cikin wani ƙaramin yanki mai tsarin ajiyar fayiloli na FAT32, sau da yawa megabayit 100, wanda ba shi da harafi. Na ga wannan da idona bayan 'yan watanni, da abokin nan da ya ara mini kwamfuta ya zo da tasa tana nuna shuɗin allo mai lamba 0xc000000e. Na ɗauko filashina daga aljihun tebur, inda yake ajiye da takarda manne a jikinsa an rubuta kada a goge. Muka fara kwashe kayansa, ya yi ta ƙorafin ɓata lokaci, na ce ya yi haƙuri. List disk ya nuna tauraro a ƙarƙashin Gpt, don haka muka sake tashi ta layin UEFI. Da list volume muka gano ƙaramin yankin FAT32, muka zaɓe shi, muka ba shi harafi da assign letter=S, muka duba muka ga Windows ɗinsa tana C:, sannan na rubuta bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI. Muka cire filashi muka kunna, ta tashi a karon farko.